Tambuwal da Sashe na 68: Bashin da Muke Bin Lauyoyin Majalisa

Duk lokacin da lauya ya fito neman kujerar majalisa, hujjar da magoya bayansa ke fara kawowa ɗaya ce: aikin majalisa yin doka ne, shi kuwa doka ya karanta, don haka an ajiye ƙwarya a gurbinta. Akwai gaskiya a maganar. Ɗan majalisar da zai ɗauki ƙudiri mai shafi ɗari ya karanta da kansa, ya gano inda aka cusa wata manufa a ƙaramin sakin layi, ya fi wanda sai an zauna an yi masa bayani. Sai dai sanin doka ba ya gaya mana wa za a yi wa aiki da ita. A cikin 'yan siyasar Arewa ban ga wanda rayuwarsa ta fito da wannan fili kamar Aminu Waziri Tambuwal ba. Ina ganin akwai aikin da ya kamata a ce shi da sauran lauyoyin da suka jagoranci majalisa sun yi mana tuntuni, kuma har yau ba su yi ba: gyara sashe na 68 na tsarin mulki, wanda ya shafi sauya sheƙar 'yan majalisa.

An haife shi ranar 10 ga Janairun 1966 a garin Tambuwal, a gidan Waziri. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce kwalejin horon malamai ta Dogon Daji ya gama a 1984. Daga nan ya karanci shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya kammala a 1991, ya tafi makarantar horar da lauyoyi ta Legas, ya zama cikakken lauya a 1992. Ya riƙe muƙamai a ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, daga reshen Sakkwato har zuwa uwar ƙungiya. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999 sai ya zama mai taimaka wa Sanata Abdullahi Wali kan harkokin majalisa. Ke nan kafin ya samu kujerarsa ya riga ya san hanyar da takarda ke bi daga ofishin akawu zuwa zauren majalisa, ya san ƙa'idojin zama, ya san inda ake tsayar da ƙudiri da inda ake tura shi gaba.

A 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka zaɓe shi Majalisar Wakilai a tutar ANPP, a 2005 ya zama shugaban marasa rinjaye. Gab da zaɓen 2007 ya bi Attahiru Bafarawa zuwa DPP, tikiti bai samu ba ya dawo ANPP, sannan ya bi Aliyu Wamakko zuwa PDP. Duk wannan cikin 'yan watanni, yana kan kujerar da aka ci da sunan ANPP. A PDP ɗin ya sake cin zaɓe, aka ba shi mataimakin bulaliyar majalisa.

Ranar da ta fito da shi idon duniya ita ce 6 ga Yunin 2011. PDP ta riga ta raba muƙamai, ta ce kujerar Kakaki ta Kudu maso Yamma ce, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola daga Jihar Oyo, wadda ita ma lauya ce. Fadar Shugaba Goodluck Jonathan na bayanta. Tambuwal ya ƙi janyewa. Abin da ya dogara da shi yana rubuce a sashe na 50 na kundin tsarin mulkin 1999: 'yan majalisa ne ke zaɓen Kakaki daga cikinsu, kuma babu inda sashen ya ambaci jam'iyya ko shiyya. Ya haɗa kai da 'yan adawa, musamman na ACN da CPC, aka kaɗa ƙuri'a ya samu 252, Mulikat ta samu 90, Emeka Ihedioha ya zama mataimakinsa. Mutanen Kudu maso Yamma sun ji an tauye su, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne, tunda Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ɗan shiyya ɗaya ne da Tambuwal. Duk da haka ina cikin masu ganin ranar alheri ce ga majalisa. A shekara takwas na Obasanjo sai da Majalisar Dattawa ta yi shugabanni biyar, daga Evan Enwerem zuwa Ken Nnamani, kuma a yawancin sauye-sauyen an riƙa zargin akwai hannun fadar shugaban ƙasa. Majalisar da ta iya zaɓen shugabanta ba tare da an rubuto mata suna ba, ita ce za ta iya ɗaga ido ta kalli ɓangaren zartarwa.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin hakan. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnati ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗauki zafi daga Legas har Kano. Majalisa na hutu, amma Tambuwal ya kira zaman gaggawa ranar Lahadi 8 ga wata, aka nemi gwamnati ta dakatar da matakin, aka kuma kafa kwamitin binciken kuɗin tallafi ƙarƙashin Farouk Lawan. Kwamitin ya bankaɗo ɓarna mai yawa, sannan shi kansa ya faɗa cikin badaƙalar cin hanci da ta kai shugabansa gidan yari bayan shekaru ana shari'a. Wannan tabo ne a jikin majalisar da Tambuwal ya jagoranta, ba a ɓoye shi. Amma zaman Lahadin nan ya nuna wa talaka cewa majalisa na iya jin kukansa kafin ta ji na fada.

A watan Nuwamban wannan shekarar majalisar ta sake yin abin da ya burge ni. Ta tura 'ya'yanta mazaɓu 360 a rana ɗaya, kowa ya je ya zauna da mutanensa a ji ra'ayinsu kan gyaran tsarin mulki. Gyaran da aka haɗa daga baya Jonathan ya ƙi sa masa hannu a 2015. Abin lura shi ne, Tambuwal ya riƙe majalisa shekara huɗu cur, an buɗe kundin tsarin mulki a gabansa shafi-shafi, kuma akwai sashe guda da ya fi kowa sanin inda yake ciwo. Yau shekara goma da ɗoriya, sashen na nan yadda soja suka bar mana shi.

Sashe na 68, ƙaramin sashe na 1, sakin layi na (g), cewa ya yi ɗan majalisar tarayya da jam'iyya ta tsayar, idan ya koma wata jam'iyyar kafin wa'adin majalisar ya cika, ya rasa kujerarsa. Sashe na 109 ya faɗi haka game da 'yan majalisun jihohi. Da a nan maganar ta tsaya da babu gardama. Amma sai aka yi togaciya: ban da wanda ya fita saboda jam'iyyarsa ta rabu, ko ta haɗe da wata. Ba a fayyace irin rabuwar da ake nufi ba. Rikicin shugabannin mazaɓa ne, ko na jiha, ko sai uwar jam'iyya ta dare gida biyu? Sannan ƙaramin sashe na 2 ya damƙa zartar da hukuncin a hannun Shugaban Majalisar Dattawa ko Kakaki, bayan an gabatar da hujjar da ta gamsar da majalisar. Ma'ana, mutumin da yawan jam'iyyarsa zai ƙaru idan an sauya sheƙa zuwa wajensu, shi ne zai ce a kori mai sauyawar. Idan kuwa Kakakin ne da kansa ya sauya, kundin bai ce komai ba.

Abin da ya faru ke nan. A ƙarshen Agustan 2013 Atiku Abubakar da gwamnoni bakwai suka fice daga babban taron PDP a dandalin Eagle Square suka kafa tsagin da aka kira sabuwar PDP. A Nuwamba biyar daga cikin gwamnonin suka shiga APC: Kwankwaso, Wamakko, Amaechi, Murtala Nyako da Abdulfatah Ahmed. A Disamba 'yan Majalisar Wakilai 37 suka bi su, Tambuwal ya karanta wasiƙarsu a zaure, bai ce kujerar kowa ta faɗi ba. Ranar 28 ga Oktoban 2014 shi ma ya sanar da komawarsa APC, nan take aka ɗage zama zuwa Disamba. Bayan kwana biyu muƙaddashin Sufeto Janar na 'yan sanda Suleiman Abba ya janye masu tsaron lafiyarsa, yana kafa hujja da sashe na 68 ɗin nan.

Ranar 20 ga Nuwamba majalisa ta katse hutu don duba buƙatar Jonathan ta tsawaita dokar ta-ɓaci a Adamawa, Borno da Yobe. Wanda ya kalli talabijin a ranar ba zai manta ba. 'Yan sanda sun garƙame ƙofar shiga majalisa. Kakaki ya sauko daga mota ya tsaya a bakin ƙarfen ƙofar, yana faɗin sunansa da muƙaminsa ga jami'an da suka san shi sarai, yana neman a kira masa babbansu. Dattawa masu furfura suka tattare manyan riguna, wasu suka cire hula da takalma, suka kama ƙarfe suna haurawa, na ƙasa na tura na sama. Abokan aikinsa suka kewaye shi suka shigar da shi da ƙafa, aka harba hayaƙi mai sa hawaye har cikin harabar ginin, mutane na toshe hanci da hankici. A can Arewa maso Gabas kuwa, wadda saboda ita aka kira zaman, Boko Haram na riƙe da garuruwa ciki har da Gwoza.

Abin da 'yan sanda suka yi ba daidai ba ne, kuma ba na sassautawa a kai. Babu layin da ya ba Sufeto Janar ikon fassara tsarin mulki ko tantance wanda yake Kakaki. Wannan aikin majalisa ne da kotu. Ranar da ɗan sanda ya fara yanke hukuncin wanda zai shiga zauren majalisa, zaɓen da muka yi ya tashi a banza. A nan Tambuwal ya tsaya inda ya dace, ya kai ƙara kotu, bai tara 'yan daba ba, kuma ya cancanci yabo.

Amma laifin 'yan sanda bai wanke sauya sheƙar ba. Mu koma rumfar zaɓe. Takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, alamar jam'iyya ce kawai da haruffanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layi a ƙauye ya ga tsohuwar da ta fito tun sanyin safiya, katinta a ƙulle a bakin zane, aka miƙa mata takarda doguwa ta riƙa bin ta da ido daga sama har ƙasa tana neman lema ko tsintsiya. Da ta gani ta dangwala yatsa, ta hura wa tawadar iska kada ta ɓata wani gurbin, ta ninke ta jefa. Ba ta karanta sashe na 68 ba, amma ta san abin da ta zaɓa da abin da ta ƙi. Idan bayan shekara biyu wanda ta tura ya ɗauki ƙuri'arta ya kai wa alamar da ta tsallake da gangan, an yi mata ƙwace, ko da lauyoyi goma sun ce doka ta yarda. Kotun Ƙoli ma a shari'ar Amaechi ta 2007 ta tafi a kan cewa jam'iyya ce ke cin zaɓe.

Ita Kotun Ƙolin ta yi ƙoƙarin toshe ɓarakar. A shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan Majalisar Wakilai daga Akure da ya bar jam'iyyar Labour zuwa ACN a 2011 yana cewa reshen jiharsu ya rabu, kotun ta ce rikicin jiha bai isa hujja ba, sai rabuwar ta kai ga uwar jam'iyya ta kasa aiki, ta kuma ce ya sauka. Hukunci mai kyau. Amma a watan Afrilun 2015 aka yanke shi, saura makonni wa'adin majalisar ya ƙare. Yakubu Dogara ya koma APC daga PDP a Yulin 2020, sai a Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya ta ce ya rasa kujerarsa, ga kuma ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe. Kowane lauya ya san wannan lissafin: ka sauya sheƙa, ka rubuta cewa jam'iyyarka na cikin rikici, ka bar shari'a ta yi ta tafiyar hawainiya har wa'adi ya cika. A Ribas kuwa, taƙaddamar ko 'yan majalisar jiha 27 sun sauya sheƙa a Disamban 2023 ko ba su sauya ba tana cikin abubuwan da suka kai jihar ga dokar ta-ɓaci a Maris ɗin 2025.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga 2011 zuwa 2023 lauyoyi uku ne a jere suka riƙe kujerar Kakaki: Tambuwal, Dogara, Femi Gbajabiamila. Ike Ekweremadu, lauya, ya yi shekara goma sha biyu yana Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, kuma shi ya jagoranci kwamitin gyaran tsarin mulki. Ovie Omo-Agege da ya gaje shi lauya ne. Godswill Akpabio, wanda ya bar PDP zuwa APC a Agustan 2018 yana shugaban marasa rinjaye, lauya ne, kuma shi aka zaɓa Shugaban Majalisar Dattawa a 2023. Ba za a ce ba a samu masana ba, ba kuma za a ce gyaran ya gagara ba. An rage shekarun tsayawa takara a 2018. A Maris ɗin 2023 Buhari ya sa hannu a gyare-gyare 16, har da ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa. Sashen da ya shafi kujerarsu ne kaɗai hannu ya kasa kaiwa, kuma dalilin a fili yake: kowa na ajiye wa kansa ƙofar fita.

Akwai masu kare sauya sheƙa, kuma hujjarsu na da nauyi. Jam'iyyunmu ba su da dimokuraɗiyyar cikin gida. Gwamna ne ke riƙe da jam'iyya a jiha, shi ke rubuta sunayen daliget, wanda ya saɓa masa ko da a kan gaskiya ne ya san ba shi ba tikiti. Idan aka ɗaure ɗan majalisa da jam'iyya tamau, an miƙa wuyansa ga gwamna. Sashe na 40 kuma ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar da ya so. Za su ƙara da cewa a 2014 mutanen Sakkwato sun riga Tambuwal komawa APC, shi bin su ya yi, kuma zaɓen 2015 da ya ba shi gwamna ya tabbatar da haka.

Na karɓi duk wannan, kuma shi ne ma ya ƙara ƙarfafa ni. Babu mai cewa a hana mutum barin jam'iyyar da ta zalunce shi. Ya fita, amma ya ajiye kujerar, ya koma wurin masu ita ya nemi su sake ba shi a sabuwar alama. Idan da gaske jama'a sun riga shi tafiya, zai ci zaɓen cike gurbin cikin ruwan sanyi, ya dawo da ƙarfin da babu Sufeto Janar ɗin da zai yi masa gardama. Da Tambuwal ya yi haka a 2014, da wataƙila ya rasa kujerar Kakaki na wata bakwai, amma da ya kafa sunnar da za a daɗe ana kafa hujja da ita. Game da tsoron danniyar shugabannin jam'iyya kuwa, maƙwabtanmu sun taɓa samo mafita. Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 2023, ya bambanta abu biyu: ɗan majalisar da ya fice daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujera, mataimakinsa da aka zaɓe su tare ya hau, wanda kuwa jam'iyya ce ta kore shi yana nan a matsayin ɗan ba-ruwanmu. Indiya ta yi dokar hana sauya sheƙa a 1985 da togaciyar rabuwar jam'iyya irin tamu, ta ga yadda ake wasa da ita, ta soke togaciyar a 2003.

Shekarunsa takwas na gwamna ba su ne gabana ba a nan, mutanen Sakkwato sun fi ni sanin abin da suka gani. Abin da ya shafi maganarmu shi ne ranar 1 ga Agustan 2018 ya bar APC ya koma PDP yana kan kujerar gwamna, kuma wannan karon babu ma sashen da za a ɗauko, domin tsarin mulki bai tanadi komai kan gwamna ko shugaban ƙasa da ya sauya jam'iyya ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2007 a shari'ar Atiku yana mataimakin shugaban ƙasa. A 2019 ya sha da ƙyar, da ratar ƙuri'a 342 tsakaninsa da Ahmed Aliyu bayan zagaye na biyu. Wannan ratar kaɗai ta isa ta nuna cewa ba kullum jama'a ke bin ɗan siyasa duk inda ya juya ba. Kusan rabin masu zaɓen jihar sun tsaya inda suke.

A 2023 ya koma majalisa a matsayin Sanatan Sakkwato ta Kudu, a ɓangaren adawa. Daga nan ya kalli ƙofar nan tana aiki ta ɗaya gefen. A Mayun 2025 sanatocin Jihar Kebbi uku, Adamu Aliero, Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, suka bar PDP zuwa APC a rana ɗaya, aka karanta wasiƙunsu a zaure, kowa ya ci gaba da zama a kujerarsa. Yanzu 'yan adawa ke kukan ana neman mayar da ƙasa mai jam'iyya ɗaya, kamar yadda PDP ta yi kukan sauya sheƙa a 2013. Ni damuwata ba jam'iyyar da ta ƙaru ko wadda ta ragu ba ce. Majalisar da ba ta da adawa mai ƙarfi ba ta bincikar kasafin kuɗi, ba ta tambayar inda kuɗin tsaro suka shiga, alhali mutanen Isa da Sabon Birni na biyan 'yan bindiga haraji kafin su je gona.

Gyaran da ake buƙata bai fi shafi biyu ba, kuma babu wanda ya fi Tambuwal cancantar ya kawo shi, don ya ga sashen daga kujerar Kakaki, ya gan shi daga bakin ƙofar da aka rufe masa, ya gan shi daga gidan gwamnati. A cire togaciyar rabuwar jam'iyya gaba ɗaya, a bar ta haɗewa kawai. A ɗauke hukuncin daga hannun Kakaki da Shugaban Majalisar Dattawa a kai kotu, a sa mata wa'adi kamar yadda sashe na 285 ya sa wa ƙararrakin zaɓe kwana 180 da kwana 60 na ɗaukaka ƙara. A kare wanda jam'iyya ta kora. A kuma shigar da gwamnoni da shugaban ƙasa, domin ba adalci ba ne a kori ɗan majalisar jiha kan abin da gwamnansa ya yi ya kwana lafiya.

Sashe na 9 ya ce sai an samu kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Na san da wuya masu cin moriyar ƙofa su taru su rufe ta. Shi ya sa nake ganin a rubuta a jikin ƙudirin cewa ba zai fara aiki ba sai majalisa mai zuwa, kuma ba zai waiwayi wanda ya riga ya sauya ba. Da haka babu ɗan majalisa mai ci da zai ce kujerarsa ake hari, kuma duk wanda ya ƙi ɗaga hannu sai ya fito ya gaya wa mazaɓarsa dalili.